Rabon Fura a Gonar Na Allah

Shanunmu sun ƙare a shekarar da ake ce wa Sannu, don a shekarar nan makiyaya ba su da wata gaisuwa sai ita. Muna arewa da Mayahi ciwon ya same mu. Saniya za ta kwana lafiya, ta tashi ido na zubar da ruwa, baki na dalala, kafin ka gama jiƙa mata magani ta miƙe ƙafa. Har ungulu suka gaji, suka bar wa rana sauran. Mijina Manzo ya binne abin da ya iya binnewa, sannan ya kwanta da zazzaɓi bai ƙara tashi ba. Ya bar ni da yara uku masu tafiya da ƙafarsu, da cikin da na haife a hanya. Namiji ne, wani tsoho da muka haɗu da shi a bakin rijiya ya raɗa masa Isufu, ba rago ba taro.

Ba ni da inda zan nufa sai wurin yayata Lalla. Ita da mijinta Ahmadu tumaki da raƙuma suke kiwo, ciwon kuwa bai kula nasu ba. Kowace shekara in an gama girbi sukan sauka wani ƙauye kusa da Korgom, a gonar wani manomi mai suna Na Allah. Tsohuwar al'ada ce tun iyaye: dabbobi su kwana a gona su zuba mata taki, mai gona ya ciyar da masu dabbobi. Matar Na Allah, Jummai, ita ke dakan fura. Kullum da hantsi za ta ɗoro ƙwarya a ka, ga goyon 'yarta Zara'u a baya, ta kawo dawo dunƙule ashirin da huɗu. Mutum huɗu ta sani a bukkar: Ahmadu, da ƙanensa Sule, da uwarsu Tanna, da Lalla. Kowa shida ke nan, a dama a sha har a yi gyatsa.

Ban kai ga ganin ƙauyen ba Ahmadu ya tare mu a bayan tudu. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya sunkuyar da kai. Ya ce maigari ya yi doka: duk wanda ya fito daga inda shanu suka mutu, kada ya kusanci rijiyar gari, kada ya taka makiyaya, wanda kuma ya sauke shi za a kore su tare. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa za ka yi. Na Allah kansa yana da 'yan shanunsa da yake ji da su kamar ƙwai.

Na juya zan koma, ban ma san inda zan koma ba. Lalla da ta biyo bayansa ta riƙe mini zane. Akwai wani kwari a bayan gonar inda sabara ta yi duhu, nan ta kafa mana tabarmi biyu, ƙasa-ƙasa yadda ko mai raƙumi ba zai hango ba. Ruwa ta ɗebo mana da nasu, fura ta kawo mana daga tasu. Allah ya saka wa Lalla da alheri, ɗan'uwa rabin jiki ne da gaske, ni na gani.

Rabon fura aikin Tanna ne, don ita ce babba. Tsohuwar nan tana da wata ɗabi'a da ba ta sakewa: yaro da babba duk ɗaya ne a gaban ƙwarya. Takan ce ciki ba shi da gemu. Mun zama baki takwas a kan abincin mutum huɗu, su huɗu, ni da yarana uku, sai kowa ya tashi da dunƙule uku. Ba kuwa manyan dunƙule ba ne, irin waɗanda yaro ke rufe tafinsa a kai. Uku tun daga hantsi har wani hantsin, ga bazara ta shigo, tumaki sun ƙafe, ba nonon da za a tsawaita damu da shi.

Me ya hana Lalla ta ce wa Jummai a ƙara? In ta ce a ƙara, za a tambayi dalili. Ban da haka ma, mu Buzaye mun gwammace mu ɗaure ciki da igiya da mu buɗe baki mu ce muna jin yunwa. Girman kai ne, na sani, amma da shi aka haife mu. Kuma ba a tambayar mutum ku nawa ne. A wurinmu ƙirga mutane kiran mutuwa ne, wanda aka ƙirga shi ake ragewa. Hausawan ƙauyen sun san haka, suna kiyayewa.

Yara ba su san doka ba, kuka kawai suka sani. Ƙaramar ta cinye nata ta zuba mini ido, sai in gutsura mata nawa. Na tsakiyar ya gani, shi ma ya matso. Abin da ke isa cikina bai taka kara ya karya ba, nono kuwa ba ya zuwa daga iska. Isufu ya kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka, in juya shi ɗayan, nan ma haka. Muka gwada ɗan abin da aka matso daga tunkiya, ya amayar. Da farko kukansa nake tsoro, kada wani mai wucewa ya ji. Daga baya na koma roƙon Allah ya sa ya yi kukan, don muryar ta fara shigewa, maɗigarsa ta faɗa. Na binne miji, na bar shanu a daji, na ce wa Ubangiji wannan kam ya bar mini.

Ana haka Ahmadu da Sule suka sami lodin kanwa zuwa Katsina. Suka ɗaure wa raƙuma kaya suka tafi, rabi don neman hatsi, rabi don su janye bakinsu daga ƙwarya. Muka rage mu shida, kowa ya koma huɗu. An samu sauƙi, amma irin sauƙin da bai kai ga nono ba.

Abin da ya biyo baya ban gan shi da idona ba, ina cikin sabara. Amma Jummai ta ba ni labarinsa har na haddace, kuma duk ranar da ta ƙara masa gishiri yayanta yakan gyara mata.

Jummai mace ce mai ido. Ta jima tana kallon Lalla tana zubewa, wuya ya yi tsawo, munduwa na gangarowa har gwiwar hannu. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma in ta tambaya sai Lalla ta ce zafi ne. Rannan ta kawo fura ta tarar Lalla ta tafi rijiya, sai Tanna kaɗai a inuwar bukka. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ina kewar maza? Gida ya yi shiru."

"Kewa akwai ta, ɗiyata," in ji Tanna. "Amma kowace tahiya da alherinta. Tun da su biyun nan sunka tahi, kowa ya samu ƙarin ɗaya."

Allah ya jiƙan Tanna da bakinta marar linzami. Ta shekara tana ɓata wa Lalla rai da shi, rana ɗaya ya biya duk bashin da ake bin sa. Ita ba ta ma san ta faɗi wani abu ba, ta ci gaba da korar ƙuda.

Jummai ta ɗauki ƙwaryar jiya ta kama hanyar gida. Ta kai tsakiyar gona sai ta tsaya cak. Mutum huɗu, kowa shida. Biyu sun tafi, saura biyu, ai kowa goma sha biyu zai samu. Ƙarin shida ke nan, ba ɗaya ba. Mata biyu da dunƙule goma sha biyu-biyu, ya kamata a ce Lalla ta yi kumatu, ga ta kuwa kamar kara. Ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza. Ko tsohuwa ta ruɗe, ko kuwa akwai bakunan da ke cin furarta ba ta taɓa ganinsu ba. To su nawa? Ba ta da ikon tambaya, kuma in ta tashi ƙarawa da ka, ko ta gaza ko ta tona asirin da ba ta san girmansa ba.

Yayanta Malam Abdussalamu ya yi karatu a Katsina, can ya koyo hisabi. Shi ake kira har Hawandawaki in za a raba gado, shi ya sa matan ƙauyen ke tsokanarsa wai in an ga ya saɓa buzunsa ya fita, a tambaya wa ya mutu. Mutum ne mai sanyin magana, in ya fara bayani kuma sai ka nemi wurin zama. Ta same shi a zaure bayan azahar, shi kaɗai.

"Malam, wata magana ta tsaya mani a wuya."

Ta kwashe duka ta gaya masa. Ya shafa gemu.

"Sake hwaɗa mani abin da tsohuwar ta ce, kada ki ƙara ko wasali."

"Tun da su biyu sunka tahi, kowa ya samu ƙarin ɗaya."

"Rabon daidai ta ka yi?"

"Tanna? Ko ƙwayar gero ce sai ta hwasa ta daidai."

"Hurar kuma ba ta taɓa ƙaruwa ko raguwa ba?"

"Hannuna ne, Malam. Ashirin da huɗu, jiya da yau."

Ya share yashin gabansa da tafin hannu. Ya ce yawansu na yanzu ba a san shi ba, don haka za a sa masa suna Abu, haka malaman hisabi ke kiran abin da ya ɓuya har ya bayyana. Ya ɗauko ƙwallon dabino ya ce shi ne Abu. Ya rubuta ashirin da huɗu, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ajiye ƙwallon a ƙasan layin.

"Wanga rabon kowa ne yau, ashirin da huɗu a raba ma Abu."

A gefe ya sake rubuta ashirin da huɗu, ya ja layi, ya ajiye wani ƙwallon da tsakuwa biyu.

"Wanga kuma rabon da, lokacin da mazan ke nan, a raba ma Abu da biyu. In an cire na da daga na yau, saura ɗaya. Abin da tsohuwa ta ce ke nan, ba ƙari."

Jummai ta leƙa. "To ai wanda mu ka nema shi na a ƙarƙashi. Ƙaƙa za a raba abu ga mutanen da ba a san yawansu ba?"

Malam ya ji daɗin tambayar har ya gyara zama.

"Nan duk wahalar take. Muddin shina ƙasan layi ba a iya kama shi, sai an hiddo shi sama. In kin raba hura ga mutane, sannan kowa ya maido rabonai cikin ƙwarya, mi za ki gani?"

"Hurata duka."

"To shi ke nan. Rabon mutum ɗaya in an ninka shi da yawan mutanen, rabawa ta warware, layi ya tashi. Sai dai a yi adalci, abin da anka yi ma wanga gehe a yi ma wancan. Masu raba mu biyu ne, Abu, da Abu da biyu. Sai mu ninka komi da su duka."

Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Rabon yau ya zama ashirin da huɗu sau Abu da biyu, wato Abu ashirin da huɗu da ƙarin arba'in da takwas. Rabon da ya zama Abu ashirin da huɗu cif. Da aka cire wannan daga wancan, Abu ya cinye Abu, arba'in da takwas ta rage ita kaɗai. Ɗayan nan na tsohuwa kuma, da aka ninka shi, ya zama Abu sau Abu da biyu.

"Kin gani? Babu sauran layi. Lamba biyu mu ka nema, ɗaya ta ɗara ɗaya da biyu, in an buga su a samu arba'in da takwas. Yanzu sai mu raba biyun nan gida biyu, mu..."

"Shidda da takwas," in ji Jummai.

Malam ya ɗago ya harare ta. Ya riga ya ɗauko hanya mai kyau, ga ƙanwarsa ta tsallake katanga.

"Ki bari in ƙare. Yau kin dace don lambar ƙarama ce, gobe in ta yi ɗari hwa?"

Haka ya sa ta zauna ya kai ƙarshe: rabin biyu ɗaya ne, ɗaya sau ɗaya a zuba kan arba'in da takwas ya zama arba'in da tara, wato bakwai sau bakwai, a cire ɗayan nan saura shida. Jummai takan ce ita dai da za a ba ta shekara ba za ta iya fiddo arba'in da takwas ɗin nan daga maganar Tanna ba, amma da zarar ta fito, ai ko mai shuka ya san layi shida rami takwas-takwas.

"Ba a tashi sai an gwada," in ji Malam. "Su shidda yau, kowa huɗu. Su takwas da, kowa uku. Tsakani ɗaya. Tsohuwa ba ta ruɗe ba."

Nan dariyar ta ƙare. Jummai ta dubi yashin, ta dunƙula hannunta daidai girman dawonta, ta dubi hannun.

"Uku? Mutum shi wuni shi kwana a kan uku? Ni kuwa ina tahowa gida ina jin na yi abin kirki!"

Ta fashe da kuka. Malam ya bar ta ta yi mai isarta. Ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki, kullum sai an yi wa mutum sutura ake kiransa, yau ne karo na farko da ya buga hisabi masu rabon suna da rai kuma yunwa ce ke jiransu. Sannan ya sa tafin hannu ya shafe yashin tas.

"Ki ji ni da kyau, Jummai. Ban ƙirga kowa ba, hura na ƙirga. Hisabi ya ce akwai baki huɗu da ba ki sani ba. Bai ce su wane ne ba, amma ni da ke mun san mi ka sa a ɓoye mutum bana. Mijinki na da shanu, maigari na da doka."

"To mi zan yi, Malam?"

"Wanga ba a koya mani shi a Katsina ba."

Washegari Jummai ta buɗe ɗan rumbunta na kanta, wanda ta tara daga gayaunarta, ta ɗebo gero. Ta yi daka har rana ta ɗaga. Na Allah yana gyaran igiyar shanu yana jin lugude ya ƙi ƙarewa, ya ga ta fita da babbar ƙwaryar da sai biki ake saukewa. Shi mutum ne mai faɗa kamar aradu, amma kafin ya fashe yakan yi shiru tukuna.

Ta sauke ƙwaryar a gaban Lalla ta buɗe faifai. Lalla ta dubi tulin dawon, ta ja da baya.

"Ƙawa, wanga ya yi yawa. Mu biyu ina za mu kai shi?"

"Talatin da shidda ne," in ji Jummai. "Kowa shidda, kamar yadda anka saba."

Lalla ba ta yi karatu a Katsina ba, amma wannan lissafin bai gagare ta ba. Ta zauna a ƙasa. Ta juya ta dubi Tanna, Tanna ta dubi sama kamar ta ga hadari.

"Wa ya gaya maki?"

"Ba wanda ya gaya mani. Ban tambaye ki ku nawa ba, ba ni kuwa tambaya. Ki dai kai ni in gan su."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lalla ta tashi ta shige gaba.

Ina zaune ƙarƙashin tabarma na ji sabara na motsi, na ji takun mutum biyu maimakon ɗaya. Na tattaro yaran bayana. Sai ga wata gajeriyar mace baƙa, da goyo, zufa na bin goshinta. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya ba ta nuna kowa da yatsa ba, ta dube ni. Na ga leɓenta ya motsa, na san lissafinta ya cika. Sannan idonta ya sauka kan cinyata, inda na lulluɓe Isufu da gefen zane.

"Mi ne ne wancan?"

Na buɗe. Tun asuba bai yi kuka ba. Leɓensa ya bushe, idonsa a rabin buɗe, ƙirjin na ɗagawa kaɗan-kaɗan.

"Inna lillahi," in ji ta. "Malam bai ce mani da wanga ba."

Ina Malam zai gan shi? Wanda ba ya cin fura ba ya shiga rabon fura. Shi ne ya fi kowa yunwa a cikinmu, shi ne kuma yashi bai nuna ba.

Ba ta tambaye ni sunana ba, ba ta nemi izinina ba. Ta kwance goyonta ta miƙa wa Lalla, ta zauna dirshan a kan yashi, ta karɓe shi daga hannuna ta sa masa nono a baki. Bai kama ba. Ta gyara masa kai, ta shafa masa kumatu, ta sake sawa. Bakin ya zame.

Daidai nan Na Allah ya faso sabara da sanda a hannu. Ashe tun daga gida yake bin sawunta. Ya ga tabarmi, ya ga yara, ya ga irin kitsona da ƙafafunmu da suka tsage da tafiya, bai buƙaci a yi masa bayani ba.

"Lalla! Haka za ku yi mani? Shekara nawa ubana na sauke ku a gonar ga? Daga ina sunka hito? Daga wajen mushen nan, ko ba haka ba?"

Lalla ta sunkuyar da kai.

"Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai! Shanuna na shan ruwan da ku ka ɗiba! In maigari ya ji, ni da ku duka za a kora. Ku tattara, yanzun nan, kahin wani ya gani. Ke kuma Jummai tashi, aje masu ɗansu!"

Yarana suka ƙanƙame ni. Ni kuwa wallahi ban ji tsoron sandarsa ba, ban ma ji rabin abin da yake faɗa ba. Idona na kan bakin Isufu. Jummai ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta matsa nonon da yatsa biyu, ɗigo ya sauka a leɓensa, ya tsaya a nan fari. Ta sa ɗan yatsa ta buɗe bakin, ta sake matsawa, ɗigo biyu suka shige.

"Da ke ni ka magana!"

"Ina ji, maigida. Ka ɗan dakata."

Ban san abin da ya ji a muryarta ba, amma ya dakata. Ya matso, sandar na rataye a hannunsa. Mu duka muka zuba wa ɗan maƙogwaron nan ido, har yaran suka yi tsit. Na karanta duk abin da na iya, na ƙare, na koma farko. Nonon na kwance a bakinsa, bai shiga ba bai fito ba.

Sai maƙogwaron ya motsa. Ya yi sama, ya dawo.

Ta ƙara matsawa, ya ƙara haɗiyewa. Sannan leɓen ya lalubo da kansa, ya kama, kumatun suka lotsa. Wani ɗan hannu kamar tsinke ya fito daga zane ya dafe ƙirjinta.

Sai a lokacin Jummai ta ɗago ta dubi mijinta.

"Ya haɗiye. Ka gani da idonka."

Na Allah ba malami ba ne, amma ba Musulmin da bai san wannan ba. Jaririn da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, ya zama ɗan mijinta, ko da maƙwarwa ɗaya ce ta isa cikinsa. Zara'u da ke hannun Lalla ta samu ɗan'uwa, har abada ba aure tsakaninsu. Dokar maigari a kan baƙi take, ba wanda ya taɓa yin dokar da za ta sa mutum ya kori ɗansa daga gonarsa, ko ya raba shi da uwar da ta haife shi.

Ya dubi Jummai kamar zai cinye ta, ya dubi yaron da ke ta zuƙa har da ɗan gurnani. Ya jefar da sandar cikin sabara, ya zauna a kan yashi ya riƙe kai da hannu biyu.

"Kin kashe ni, Jummai."

"Ban kashe ka ba. Ɗa na ƙara maka."

"Tabarmin nan a ƙone su," in ji shi, bai ɗago ba. "Tuhwahin ma a wanke da toka, kuma kada wanda ya je kusa da shanuna sai an yi ruwa. Kun ji ko?"

Muka ce mun ji. Da ya ce mu ƙone gashin kanmu ma da mun ce mun ji.

Na sha yin godiya a rayuwata, ta baki da ta al'ada. Ta ranar nan daban take. Na so in gode wa matar da ban taɓa gani ba sai ranar, da wani malami da ban san da zamansa a duniya ba, da tsohuwar da ta kasa riƙe bakinta, har da wannan mutum mai faɗa da ke zaune yana lissafin abin da zai gaya wa maigari. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba, sai hawaye.

Na Allah ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya yi taku biyu wajen gari, ya tsaya, ya juyo yana ɓata fuska.

"To mi ne ne sunanai? In tahi gaban maigari in ce ɗana ne, a tambaye ni suna in yi shiru?"

Ni ya tambaya. Na buɗe baki, muryar ta ƙi. Ba abin da ake ji a kwarin nan sai haɗiyar yaron.

Lalla ce ta amsa masa. "Isufu."